In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Magina da Ƙarar Inji a Haɗeja

A garin Haɗeja akwai makarantar gwamnati ta yara kurame. Waɗansu daga cikin yaran haka aka haife su, waɗansu kuwa sanƙarau ne ko ƙyanda ya taɓa su tun suna goye. Kowa ya gan su suna hira da hannu ya san abin da ke damunsu. Amma akwai wata irin kurumta dabam a garin nan wadda ba ta da makaranta, ba kuwa mai ƙidaya masu fama da ita. Ita wannan wurin neman abinci ake ɗauko ta. Tana kama birkila da kafinta da mai walda da direban katafila, da yaron da ke tsaye gindin injin bulo tun safe har la'asar. Da yawa daga cikinsu 'yan'uwanmu ne, muna zama da su benci ɗaya ran Lahadi, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi maganarsu a wannan fili.

Dattawa sun san yadda gini yake a da. A haƙo ƙasa, a kwaɓa da ƙafa, a yi tubali, rana ta busar, magini ya hau katanga yaransa suna jefa masa. Iyakar abin da kunne ke ji shi ne hira da dariya da kukan jakin da ya kawo ƙasa. Yau ba haka ba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 gine-ginen siminti suke ta ƙaruwa: ofisoshi, makarantu, shaguna, tituna da gadoji. Ga jami'a a Kafin Hausa, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗeja. Ga kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, wanda aka gyara madatsarsa da hanyoyin ruwansa aka ƙaddamar a 2023, bayan manyan injina sun yi shekaru suna ruri a wurin. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a ƙasar Haɗeja, mai ɗan hali kuwa in zai sāke gini bulo yake nema. Har cikin kogi ma yanzu akwai injinan haƙa da ke yashe hanyar ruwa suna tuge kacala.

Duk wannan ci gaba ne, ba mu ƙi shi ba. Sai dai kowane ɗaya daga cikin injinan nan yana da murya, kuma akwai ɗan Adam da ke wuni kusa da ita.

Yadda ƙara ke cin kunne

Abin da muke gani a gefen kai muna ce masa kunne, ƙofa ce kurum. Daga ciki akwai rami, a ƙarshen ramin akwai dodon kunne, bayansa akwai ƙananan ƙasusuwa uku, sa'an nan can ciki akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa cike da ruwa. A cikin katantanwar nan aka jera waɗansu ƙwayoyi masu gashi a kansu, wajen 16,000 a kowane kunne. Sauti in ya shiga sai ya kaɗa ruwan, ruwan ya kaɗa gashin, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa labari. Da adadin da aka haifi mutum da shi zai koma ga Mahaliccinsa, in ma bai ragu ba. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya tsirowa kuma.

Manomin fadama zai gane wannan da sauƙi. In shanu suka ratsa ta cikin ciyawa sau ɗaya, za ta kwanta, amma kafin gobe ta miƙe. In kuwa kullum ta nan suke bi, bayan 'yan watanni wurin ya zama burtali, ko an yi ruwa ba abin da zai fito. Haka lebura yake tashi daga aiki da yamma ya ji kunnensa ya yi dum kamar an cusa masa auduga, ko ya ji wani abu yana yi masa shuuu a ciki. Ya kwana, da safe ya ji ya warware, sai ya ce ba komai. Ciyawar ce ta miƙe. Amma ba dukanta take miƙewa ba, kowace rana akan bar kaɗan a kwance. Ba zafi, ba jini, ba kumburi. Shekara goma ko goma sha biyar sai a ga mutum yana karkata kai yana cewa, "Na'am? Me ka ce?"

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai wannan cuta yana jin murya sarai. Abin da ya fara ɓace masa su ne siraran sautuka, irin su s da sh da ts da f. Saboda haka in aka ce masa "share", ko "sare", ko "tsare", duk ɗaya yake ji. A gida matarsa ta ce ba ya kula da maganarta, 'ya'ya su ce Baba ya cika faɗa da ƙure rediyo. A taron jama'a, inda surutu ya yi yawa, sai ya yi shiru yana murmushi don kada a gane. A wurin aiki kuwa abin ya wuce na kunya. Mutumin da bai ji an ce "kauce" ba, ko bai ji tifa tana ja da baya ba, ransa ne a bakin rami. Hausawa da suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira, gargaɗi suke nufi, amma a wurin gini maganar haka take kai tsaye.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta tun a 1713 cewa maƙeran tagulla na birnin Banis suna kurumcewa saboda bugun guduma. A 1886 wani likita a Gilasgo, Thomas Barr, ya gwada kunnuwan mutum 100 masu ƙera tukwanen injin tururi, ya tarar mafi yawansu jinsu ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke bukatar taimako. Wani bincike da aka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na irin wannan rauni ga manya, ƙarar wurin aiki ce sanadinsa.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Iyakar da masana suka sa wa ma'aikaci ita ce 85 na tsawon awa 8. Haka dokar hana yawan ƙara ta Nijeriya ta 2009, wadda ke hannun hukumar NESREA, ta tsara wa masana'antu da wuraren sana'a. To ga inda lissafin yake da ban mamaki: duk sa'ad da aka ƙara 3 kacal, ƙarfin ƙarar ya ninka, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya ragu da rabi. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 kuwa minti 15. Injin yankan ƙarfe da na yankan tayil sukan kai kusan 100. Injin fasa kankare yakan wuce haka. Ke nan mai walda da ya yi rubu'in awa yana yanka rodi ya riga ya cinye rabon kunnensa na ranar, alhali ko karin kumallo bai narke ba.

Ba sai an sayi na'ura ba kafin a gane. In kana tsaye da mutum, tsakaninku bai wuce tsawon hannu ba, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai mai ɓarna.

Auduga, soso, da wanda aka auna

Waɗansu leburori sun san da haɗarin, sukan cusa auduga ko tsumma ko takardar buhun siminti. Niyyar tana da kyau, amma busasshiyar auduga kaɗan ƙwarai take tarewa, ƙara tana ratsa ta kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. Takardar siminti kuwa ciwo take jawowa.

Akwai matoshin kunne na soso, wanda wani Ba'amurke mai suna Ross Gardner ya ƙirƙiro a 1972. Yana da araha, kuma in an sa shi daidai yana aiki sosai. Yadda ake sa shi: a murza shi da yatsu har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a riƙe wajen daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. A jikin kwalinsa akan rubuta yana rage wajen desibel 30. Amma binciken da aka yi a wuraren aiki a ƙasashe dabam dabam ya nuna ma'aikata da yawa ba sa samun ko rabin wannan, domin a bakin kunne suke maƙala shi kurum.

Mu dubi halin da maginin Haɗeja ke ciki. Ana bazara, zafi ya wuce digiri 40, gumi yana zuba. Hannunsa duk siminti ne da yashi ko baƙin mai. Da wannan hannun zai murza soso ya tura cikin kunne? In an kira shi ya cire, in ya koma ya sāke murzawa. Kafin azahar soson ya yi baƙi, kunnen ya fara ƙaiƙayi. Da hunturu kuma ƙura ce. Ba abin mamaki ba ne in kashegari aka ga soson a aljihu, ko a hannun yara suna wasa da shi.

Cirewar nan kuwa ita ce babbar asara, kuma mutane ba su san haka ba. A ce matoshi yana rage 25. In mutum ya cire shi minti 5 kacal a cikin kowace awa alhali inji yana aiki, abin da ya rage masa na kariya bai wuce 11 ba. Fiye da rabi ya tafi a minti biyar. Saboda haka matoshin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda mutum zai yarda ya bar shi a kunne tun daga tashin inji har a kashe.

A nan ne maganar wanda ake aunawa ta shigo. Kowa ya san bambancin rigar gwanjo da wadda tela ya auna shi ya ɗinka. Ramin kunne ma haka yake: na wani fāɗi, na wani ƙunci, na wani a lanƙwashe, har na dama da na hagun mutum ɗaya ba su zama daidai ba. To akwai matoshin da ake yi wa mutum bisa ga siffar kunnensa shi kaɗai.

Ga yadda ake yi. Ma'aikacin lafiyar kunne zai fara leƙa ciki da 'yar fitilarsa. In akwai dauɗa sai an cire, in akwai ciwo ko ruwa yana fita ko dodon kunne ya huje, sai an yi magani tukuna. Sa'an nan ya sa wani ɗan ƙanƙanin soso mai zare can ciki don ya tsare dodon kunne, ya ɗura wani abu mai laushi kamar ƙullu da sirinji har ya cika ramin. Cikin 'yan mintoci sai ya daskare, a zaro shi, ga siffar kunnen ta fito. Wannan ake aika wa masu ƙerawa su zuba matoshin da roba mai laushi ko mai ɗan tauri. Ba zafi, sai dai mutum ya ji kunnen ya cika na ɗan lokaci. Mun yi wannan bayani dalla-dalla don a gane, ba don wani ya gwada a gida ko a shagon magani ba. Wanda bai koyi aikin ba yana iya huda dodon kunne.

Amfaninsa a fili yake. Ba a murza shi, ɗan juyawa kaɗan ya zauna, kuma hanya ɗaya kaɗai yake shiga, saboda haka da wuya a sa shi ba daidai ba. Ba ya matse kunne, mutum yakan manta ma yana ciki. Ana wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya a inuwa. Yakan rage desibel 20 zuwa 30, yakan kuma yi shekara 3 zuwa 5 in an kula da shi. Waɗansu ana sa musu 'yar matata a tsakiya wadda ke rage ƙarar inji amma ta bar maganar mutum ta wuce gwargwado. Wannan ya amsa kukan da leburori suka fi yi, wato "in na toshe kunne yaya zan ji maigida?" Kukan kuwa yana da hujja. Toshewar da ta yi yawa har mutum ba ya jin kira, ita ma haɗari ce, shi ya sa ake zaɓa wa kowa gwargwadon ƙarar aikinsa.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Yana da tsada, nesa ba kusa ba in an gwada da soso. In ya faɗa cikin kwaɓin kankare an yi asara, don haka a nemi mai igiya da ake maƙalawa a wuyan riga. In mutum ya rame ƙwarai ko ya yi ƙiba, ko saurayi ne da bai gama girma ba, siffar ramin takan canja, sai an sāke aunawa. In wanda ya ɗauki siffar bai iya ba, matoshin zai riƙa yoyon ƙara mai shi bai sani ba, don haka in an karɓa a roƙa a gwada shi a kunne. Ba kuma abin aro ba ne, na Audu ba zai shiga kunnen Bitrus ba.

Game da tsada dai, a yi lissafi. Mai amfani da soso yadda ya kamata, sabo kowace rana, in yana aiki kwana 300 a shekara, cikin shekara 4 zai ci biyu-biyu har 1,200. A namu ganin, lebura mai aikin kwana biyu nan, kwana uku can, soso ko na roba mai wankuwa ya ishe shi, muddin an koya masa sawa. Amma wanda inji ne sana'arsa, mai walda, mai injin bulo, direban katafila da gireda, masu haƙa rijiyar burtsatse, shi kam wanda aka auna ya fi masa. Mai injin niƙa da na casar shinkafa, su ma su ji da kyau, gama kunne bai san bambancin ƙarar gini da ta niƙa ba. Inda ƙara ta wuce 100 kuwa, masana sukan ce a haɗa biyu, matoshi a ciki da murfin kunne a waje.

Ina za a samu? Hanyar ɗaukar siffar kunne ita ce dai wadda ake bi in za a sa wa mutum na'urar taimakon ji. Saboda haka wurin tambaya shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Mutumin Haɗeja yana iya farawa daga babban asibitin garin a duba shi a ba shi takardar turawa.

Nauyin wa?

Kafin ma a kai ga kunne, akwai abin da mai aiki zai yi kyauta. A fili, duk sa'ad da aka ninka nisa tsakanin mutum da inji, ƙara takan ragu da wajen desibel 6. Janareton da aka ajiye gindin masu aiki don ƙyashin sayen waya, a matsar da shi. Wanda salansarsa ta fashe a gyara. A jera bulo ko buhunan yashi tsakanin inji da mutane. Mai yankan rodi a ware masa gefe guda, kada kowa ya sha ƙarar da ba tasa ba. A riƙa canjin hannu a bakin inji maimakon a bar yaro ɗaya ya wuni, don kawai shi ne ƙarami kuma ba ya iya musu.

Doka ma ta yi magana. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Amma kowa ya san yawancin maginanmu ba su da takardar ɗauka aiki. Da safe ake kwasarsu a bakin hanya, da yamma a sallame su. Irin waɗannan ba mai kāre su sai lamirin wanda ya ɗauke su. Diyya kuma, ko an biya, ba ta mai da ji. Na'urar taimakon ji tana ƙara sauti ne kurum, ga tsada, ga sayen batir har iyakar rai.

A nan tilas mu juyo kan kanmu. Ikilisiyoyinmu ma masu ba da aiki ne. Muna gina majami'u da gidajen fastoci da azuzuwa da katanga, muna haƙa rijiyoyi. Kwamitin gini yakan zauna har dare yana jayayya a kan kuɗin buhun siminti da bandir ɗin kwano, amma da wuya ka ji an tambayi ɗan kwangila abin da ya tanadar wa kunnuwan yaransa. Layi ɗaya ne za a ƙara a takardar yarjejeniya: duk mai aiki kusa da inji a ba shi abin toshe kunne, a kuma nuna masa yadda ake sawa. Kuɗin kwalin soso ba zai hana a rufa gini ba. Ran aikin gayya ma, sa'ad da matasa suka fito zuba dakin, haka ya kamata a yi. Tun da mun taɓo wannan, bari mu faɗa a taƙaice cewa lasifikar da ake ƙurewa a ƙaramin ɗakin sujada, da yara zaune a gindinta, ita ma desibel ɗin nan take fitarwa.

Masu koyar da sana'a a cikinmu su ne suka fi kowa dama. Yaro yana kwaikwayon maigidansa ne. In ya ga maigida ya sa tabarau kafin ya kunna walda, shi ma zai sa. Tabarau ya karɓu domin ido yana rama wa mutum a daren nan, kunne kuwa sai bayan shekaru yake kawo ƙararsa, lokacin da ba sauran gyara. Wanda kuma ya riga ya fara rasa ji kada ya ce aikin gama ya gama. Abin da ya rage masa shi ne ya fi bukatar tsaro.

Ran 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, ta kuwa faɗo daidai lokacin rani da gini ke tashe. Ikilisiyoyi biyu ko uku a Haɗeja da Malam Madori da Auyo suna iya haɗa hannu da ƙungiyoyin magina da masu walda, ba tare da duban addinin kowa ba, su nemi asibiti ya turo ma'aikaci da na'urar gwajin ji. Gwajin bai fi minti 20 ba: a sa wa mutum abin sauraro a kai, in ya ji ɗan sauti ya ɗaga hannu. Kowa a ba shi takardar sakamakonsa ya adana, domin da ita za a gwada ta baɗi a ga ko jin yana raguwa, ita ce kuma shaidarsa in maganar diyya ta taso. Waɗanda suka shirya sayen matoshin da ake aunawa, in sun yi yawa, ana iya roƙo a ɗauki siffar kunnuwansu a zama ɗaya, kowa ya huta da kuɗin motar Kano. Sai dai a lura, ana so mutum ya yi aƙalla awa 14 bai shiga ƙara ba kafin a gwada shi, in ba haka ba sakamakon ba zai fito daidai ba. Saboda haka a sa gwajin ran Litinin da sassafe, bayan hutun Lahadi, tun ba a tā da inji ba.